Wanda Ke Ƙarƙashin Fenti

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Katin gayyata ya iso yau. Yaya Danuta ce ta ɗauko shi daga akwatin wasiƙu, ta shigo da shi tare da burodi, ta ajiye a teburin kicin ta kife shi. Ina ganin ta kife na san da magana, domin Yaya ba ta iya ɓoye komai ba. Ko kyautar Kirsimeti ta ba ka, sai ta faɗa maka abin da ke ciki kafin ka kwance ƙullin.

Na juya katin. Ni ce.

Ni ce kwance a kan gadonmu na ƙarfe, ba riga, ba ɗankwali, kaina tal kamar ƙwai, bakina a buɗe. Har ɗinkin tiyatar da ke ƙirjina ya zana, bai bar zare ɗaya ba. A gefen gadon ga namiji a tsaye cikin kwat ruwan toka, hannuwa a aljihu, yana kallon abin da ke kwance. Fuskar mijina ce, mai zanen, sai dai ya rage wa kansa shekaru da tumbi. Sunan zanen wai "Jinya". Za a buɗe baje kolin ranar ashirin da ɗaya ga wata a zauren Madam Estelle, wadda ke sayar masa da zane.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Gwani jaridun Chicago suke kiransa, to Gwani ya ishe shi.

Litinin, da yamma

Jinya. Mutumin da bai san a wace durowa magungunana suke ba.

Talata, 4 ga Fabrairu, da safe

Yanzu na gane zaman kujerar nan. Bara da bazara, bayan an sallamo ni daga asibiti, ƙwayoyin suna kayar da ni barci da rana tsaka. Duk sanda na buɗe ido sai in gan shi a kujera kusa da taga, da fensir a hannu. Na ɗauka gadina yake yi. Har na ce wa Yaya, kin gani ko, ke da kike cewa zai gudu. Yaya ta ci gaba da wanke roba.

Ashe aiki yake yi. Da ya samu abin da yake so, kafin sanyi ya shigo ya kwashe kayansa ya koma ɗakin aikinmu da kwana, wai warin magani yana hana shi tunani. Shekara ashirin da uku ina shaƙar warin safarsa, ni tunanina bai taɓa tsayawa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu, bayan azahar

Na kira shi. Na yi wa kaina alkawari ba zan ɗaga murya ba, kuma ban ɗaga ba.

Na ce, "Ka tambaye ni?"

Ya ja numfashi irin nasa na mai haƙuri da yara. "Haba Lorna. Ke ma fa mai zane ce. Kin fi kowa sanin ba ke ba ce. Zane ne kawai."

Daga nan ya shiga yi min lacca. Wai in na duba da kyau, namijin ne mai rauni a zanen. Wai hannun da ke aljihu hannun wanda ya rasa abin yi ne, ita kuwa matar ta fi ƙarfin kunya, ta zama kamar dutse. Na bar shi ya gama. Ni da na shafe shekaru a gaban aji ina ce wa ɗalibai, in kun shiga gidan ajiye zane kada ku karanta abin da aka rubuta a bango tukuna, ku fara duba wa ke tsaye, wa ke kwance, wa aka bar wa rigarsa. Yau ni ake koya wa cewa mai kwat shi ne abin tausayi.

Na ce masa ya cire zanen daga baje kolin. Ya ce ba zai yiwu ba, shi ne ginshiƙin komai, shi ne a kan kati. Ya kuma tambaye ni ko ina cin abinci.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Ranar asibiti. Sun ce sakamakon ba laifi. Ban tambayi abin da "ba laifi" yake nufi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da rana

Yaya ta ja ni wurin wani lauya ɗan cocinsu. Ya saurare mu da ladabi, ya dubi katin, ya yi sauri ya ɗauke idonsa, abin da ya fi min ciwo fiye da in ya ƙura ido. Ya ce miji ya zana matarsa a cikin gidansa, kotu ba ta cika son shiga tsakanin mai zane da zanensa ba, kuma kafin a saurare mu an yi baje kolin an tashi.

A mota Yaya ta yi ta faɗa har muka iso. "Ni da ni ce, wallahi tukunyar miyar kabeji zan ɗauka tana tafasa in je in yi masa nawa zanen a jiki. Tun ranar ɗaurin aurenku na ce mutumin nan madubi ya aura, ke ’yar rakiya ce."

Muna shiga gida wayar Madam Estelle ta shigo. Kowa ƙawalliyarta ce, har mai kawo mata wasiƙu. Ta ce ƙawalliya, ta yi kuka da ta ga hoton zanen. Ta ce so take in zo ranar buɗewa in tsaya kusa da shi, zai ƙarfafa wa mata da yawa gwiwa. Na tambaye ta ko da riga zan zo ko babu. Ta yi dariya, ta ce ta ji daɗi ban rasa barkwancina ba.

Ni kaina ban tsaya gaban madubi na kalli wurin ɗinkin ba har yau. A bandaki juya baya nake yi. Amma mutanen gari za su kalle shi da kofin giya a hannu, suna karkata kai suna cewa kai, dubi yadda ya fitar da jan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da safe

Wuƙa nake ta tunani. Amma in na yaga zanen, gobe jarida za ta ce ciwo ya taɓa wa matar Gwani kai, su buga hoton da ke kan katin babba a shafin farko. Yagaggen zane ya fi lafiyayye suna.

Lahadi, da yamma

Zane ne kawai. Zane ne kawai.

Talata, 11 ga Fabrairu, da la’asar

Wannan sai na rubuta shi.

Na je ɗakin aikin ɗauko burusaina, har yanzu ina da makulli. Na hau jirgin ƙasan da ke bin kan gada, iskar tafki ta kusa cire min kunne. Na samu Gwani a can. Ya yi farin ciki wai na zo ganin zanen, ya tafi haɗa min kofi yana ta surutu daga bayan labule.

Zanen yana jingine da bango, ya fi yadda na zata girma. Ban iya kallonsa gaba da gaba ba, sai na zagaya gefe. A nan na ga ƙusoshin.

Kowane mai zane da yadda yake ɗaure ƙyallensa a jikin katako. Gwani na’urar harba fil yake amfani da ita, tas tas tas ya gama. Ni kuwa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe nake bugawa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda tsohuwar malamata ta koya min, kuma a duk garin nan ban san wani da ya rage yana wannan wahalar ba. Ƙusoshin jan ƙarfe ne a jere a gefen "Jinya". Ƙyallena ne. Na leƙa bayan kanta inda na jingina wani abu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, fuskarsa a bango. Babu shi.

Bari in faɗa, tunda babu mai karantawa. A shekarar da jaridu suka yi kaca-kaca da babban baje kolinsa na farko, Gwani ya kwanta bai tashi ba har sanyi ya wuce. Ni na yi ta ɗura masa miya, ni na yi masa wanka, ni na yi wa mutane ƙarya cewa yana aiki. A wannan gadon ƙarfen. Na zana shi da saninsa, yana kwance tsirara ya naɗe ƙafafu, tumbi ya zubo gefe, ido jawur. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kafin nan ko bayan nan. Da na gama ya kalla, ya riƙe min wuyan hannu ya ce, "Lorna, don girman Allah kada kowa ya ga wannan. In aka gani na mutu." Na ce ba wanda zai gani. Na bari ya bushe shekara guda, na shafe shi da man ƙyalli kamar yadda ake yi wa zanen da aka gama, na juya shi bango. Sau biyu ana roƙona in kawo aikina mafi kyau, na kai wani abu daban.

Wannan zanen ya ɗauko. Gadon nawa ne, tagar tawa ce, hasken nawa ne, bai taɓa su ba. Ni kawai ya shimfiɗa a kan kansa, sannan ya dasa mai kwat a inda bango yake fili.

Ya fito da kofi. Na tambaye shi inda ya samu ƙyallen. Ya ce wani tsoho ne ya tsinta a bayan kanta, yana maganar yana neman sukari a inda ya san babu sukari.

Na sha kofin har ƙasa. Ban san yadda aka yi na sha ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da sassafe

Man ƙyalli.

Jiya da nake tsaye a gefen zanen na sa farce a bakin ƙyallen ba da wata niyya ba, sai wani ɗan ɓawon fenti ya ɓalle, ƙarƙashinsa yana sheƙi. Sai yau da asuba abin ya faɗo min.

Ba a ɗora sabon fenti a kan man ƙyalli. Ba ya kamawa, zama kawai yake yi a sama. In dole sai ka yi, sai ka bi ƙyallen da sanfefa ka kankare man tukuna. Gwani ya san wannan, shi ma yana koyar da shi. Amma kankarewa na nufin ya zauna rabin yini fuska da fuska da mutumin da ke kan gadon, yana shafa tumbinsa da hannunsa. Bai iya ba. Ya rufe shi da sauri kamar mai rufe kashin kyanwa.

Nawa fentin ya shekara goma sha biyu, ya zama kamar ƙashi. Nasa ko shekara bai yi ba, kuma a kan santsi yake zaune. Auduga da tina, ruwan da muke wanke burushi da shi, sun isa.

Na ci ƙwai biyu da burodi. Yaya ta tambaye ni ko lafiya.

Juma’a, 14 ga Fabrairu, da rana

Ranar masoya. Ya aiko da furanni, wai wata rana zan gane. Na ba Yaya ta kai coci, ko matattu sa amfana.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da yamma

Dusar ƙanƙara tun safe. Na yini ina jin hannunsa a wuyan hannuna. Alkawari na yi, kuma ba Gwani na yi wa ba, wancan mutumin na yi wa, wanda yake kuka in na fita sayen madara. Shi bai yi min komai ba. Na so shi fiye da yadda na so mai kwat, wannan ita ce gaskiya, kuma tana ba ni haushi.

Zan ba shi dama ɗaya. Ɗaya.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da hantsi

Na kira. Yana haɗa jaka, gobe zai tafi New York hira da gidan rediyo, sai Alhamis da yamma zai dawo. Ya ce ya riga ya naɗe zanen da kansa, masu mota za su ɗauka Alhamis da safe su kai zaure. Duk wannan shi ya faɗa, ban tambaya ba.

Na ce, "Ka tuna abin da ka roƙe ni a kan wancan zanen? Na bayan kanta?"

Ina jin ƙarar zif ɗin jaka.

"Wannan daban ne, Lorna."

"Ta ina?"

"Wancan tonon asiri ne. Wannan girmamawa ce."

Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Auduga. Tina. Tsummoki. Safar hannu. Sabon salatif irin nasa.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da magariba

An gama.

Yaya ce ta kai ni, don hannuna na hagu har yanzu ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, ba zan iya kwance naɗin ni kaɗai ba. A hanya na faɗa mata komai. Ta yi alamar gicciye, sannan ta taka mota. Mun kwance robar a hankali, ta lura da yadda ya liƙa kowane salatif don mu mayar daidai. Ta buɗe tagogi duka, sanyi ya shigo, domin warin tina yanzu yana tayar min da zuciya.

Yau na kalle shi gaba da gaba. Na kalli ɗinkin. Ya iya, ba zan hana masa ba, haka yake. Daga nan na fara.

Na jiƙa audugar na ɗora a kan ɗinkin na ɗan jira, sannan na murza. Ya taso kamar man shanu a kan wuƙa mai ɗumi. Ja ya koma ruwan hoda, ruwan hoda ya koma tsumma, sai ga gashin ƙirji baƙi da fari yana leƙowa. Na sauka ƙasa. Haƙarƙarina suka tafi, tumbinsa ya fito.

Yaya ta matso da tabaranta. "Uwar Yesu. Ashe haka kayan yake a cikin kwat? Wannan ai sai a yi masa zanen suna."

Muka yi dariya har na zauna a kan gwangwanin fenti ina tari. Daga baya dariyar ta ƙare, aiki ya rage. Ƙafafuna, hannuna da ke reto a bakin gado, duk na kwashe su a tsumma na jefa a leda. Mai kwat ban taɓa shi ba ko da ɗigo ɗaya. Na zagaye takalminsa da tsinken auduga kamar mai yi wa jariri wankan kunne.

Fuskar na bari ƙarshe. Na goge bakina da ke buɗe, na goge kan nan mara gashi, sai ga idanunsa suna kallona, jawur, kamar jiya na ajiye burushi. A nan na yi kuka, ban ɓoye ba. Na ce masa ka yi haƙuri, ba ni na fito da kai ba. Yaya ta juya tana kallon titi har na gama.

Da muka ja baya muka duba, ga Gwani a tsaye cikin kwat, hannuwa a aljihu, yana kallon Gwani a kwance tsirara. Ni babu ni a ciki ko kaɗan. Muka bari ya sha iska, muka mayar da roba da salatif, Yaya ta fita da ledar tsummoki a jakarta. A hanyar gida ta saya mana alawar cakulan, muka cinye a mota kamar yaran da suka gudo daga makaranta.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, da azahar

Ina kan kujerar asibiti Madam Estelle ta kira, muryarta har rawa take yi. Ta ce ƙawalliya, kin san abin da mijinki ya yi? Wai sun buɗe naɗin sai ta nemi kujera. Wai ta san masu zane da sake aiki a daren ƙarshe, amma ba ta taɓa ganin namijin da ya yi wa kansa haka ba. Ko jiran saukar jirginsa ba ta yi ba, ta sa an ɗauki hoto ta aika wa mai sharhin jarida, gobe da safe zai fito. Mutumin ya ce mata wanda ke kwancen nan shi ne abu mafi kyau da Gwani ya taɓa zanawa, na tsayen ne ma ya ɗan yi tauri.

Sai ta rage murya ta tambaye ni ko na ji haushi da ya cire ni.

Na ce zan daure.

Ma’aikaciyar jinya ta ce yau jinina ya yi kyau.

Juma’a, 21 ga Fabrairu, da safe

Hoton zanen yana shafin farko na sashen al’adu, tumbi da komai. Wayata ta yi ta ƙara tun jiya da yamma, ban ɗauka ba. Gwani ba zai iya sauke zanen ba. In ya sauke sai ya faɗi dalili, in ya faɗi dalili sai ya faɗi wa ya zana na kwancen, da abin da ya shimfiɗa a kai, da yadda aka yi ya gogu. Tsuntsun da ya ja ruwa.

Na gwada jan kwat ɗina, wanda ban sa ba tun kafin tiyata. Ya yi min yawa a kafaɗa, amma maɓallansa suna kaiwa har wuya.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Na je. Yaya ta tsaya wajen teburin cuku tana gadin ƙofa da ido.

Zauren ya cika. Mutane sun yi dafifi a gaban zanen da kofuna a hannu, suna karkata kai. Su dubi na kwancen, su juyo su dubi Gwani, idonsu ya sauka kan cikinsa, su yi sauri su ɗauke. Na san wannan kallon, lauya ya yi min shi. Wata tsohuwa ta rungume shi ta ce mijinta ma haka ya yi kafin ya rasu. Wani ɗalibinsa ya tambaye shi ko a madubi ya kalli kansa. Ya sa kwat ɗin nan ruwan toka, ya maɓalle shi duka, gumi yana bin wuyansa.

Ban je wurinsa ba. Na samu wuri a gaban zanen na tsaya. Shi ya ratso mutane ya zo, ya tsaya kusa da ni kamar masu kallo tare, yana murmushi saboda masu hoto. Idonsa jawur. Rabon da in ga wannan idon a waje da ƙyalle shekara goma sha biyu ke nan, kuma na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, a gefen da aka ɗinke. Na bar shi ya motsa ya gama.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa, leɓensa ko motsi ba ya yi.

"Kin yi min alkawari."

"Na riƙe shi har ranar da ka ɗauko shi daga bayan kanta."

"Lorna, kallona suke yi. Ba zan iya tsayawa a nan ba. Ta yaya mutum zai tsaya ana kallonsa haka?"

Na juyo na dube shi sosai, daga takalmi har gashi, ban yi sauri ba.

Na ce, "Haba Conrad. Kai ma fa mai zane ne. Ba kai ba ne. Zane ne kawai."

Sannan na zuba hannuwana a aljihu na ci gaba da kallo.